Saƙon da Ba a Taɓa Aikowa Ba

Mairi, Maiduguri

Zuwa ga 'yata Yagana,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ki gaisuwar uba ga 'yarsa, da fatan kin tashi lafiya. Allah Ya tsare min ke tun daga ƙofar gidan nan har inda za ki sauka. Ya raba ki da sharrin hanyar Damaturu da na masu tare ta, Ya kai ki Kano lafiya, Ya ɗaga jirginku lafiya Ya sauke shi lafiya. Ya haɗa ki da mutanen kirki a ƙasar da ba ki da kowa a cikinta.

Za ki yi mamakin wasiƙa daga mutumin da ɗaki ɗaya ne tsakaninki da shi. Na gwada yi miki wannan magana da baki, na kira ki har kin zauna, sai na ƙare da tambayar ko kin sayi rigar sanyi. Zan ajiye miki takardar a kan jakarki. Ki karanta ta kafin ki je sallama da Ummanki a gidan kawunki Alhaji Adam. Na ce miki ta je duba matarsa ce da ba ta da lafiya. Matar kawunki lafiyarta ƙalau. Dalilin tafiyar Ummanki yana cikin wannan wasiƙa.

Ranar Asabar da abokan aikina suka zo yi miki addu'a, kin miƙe a tsakar gida kin ce za ki Amurka ki yi nazarin rubuce-rubucen mata baƙar fata, sannan kika juyo kika nuna ni. Kika ce, "Duk abin da na sani game da darajar mace da alƙalaminta, a wurin Baba na koya." Aka yi tafi. Wani ya dafa kafaɗata. Ummanki tana tsaye a bakin ƙofar kicin da tiren shayi a hannu, tana murmushi saboda ke. Ni kuwa da ƙasa za ta buɗe a lokacin, da na gode mata. Ba zan bari ki tsallaka teku da wannan magana a bakinki ba, ki je ki maimaita ta a gaban mutane.

Kin taso kin same ni malamin da ke koyar da littattafan matan nan a jami'a, na Amurka waɗanda aka tsallakar da kakanninsu a cikin sarƙa, da na nan Afirka. Ɗalibai mata suna cika ajina. A sashenmu har suna suka laƙa min, wai lauyan mata, kuma ina jin daɗin sunan fiye da yadda nake nunawa. Abin da ba ki sani ba shi ne yadda lauyan yake idan ya cire takalmi ya shiga gidansa.

Lokacin da na auri Ummanki, malamar firamare ce, 'yar dillalin shanu daga bayan Kasuwar Shanu. Kakanninta a daji suka rayu da dabbobinsu, mahaifinta ne ya fara zama a gari. Karatunta bai wuce kwalejin malamai ba, amma duk littafin da na shigo da shi gidan nan sai ta riga ni gama shi. Tana jiran burabusko ya turaru, littafi yana kan cinyarta. Idan kin duba kantata za ki ga wasu har yau da tabon mai a gefen shafi.

Wata rana ina shirya wata takarda da zan gabatar a taron malamai, sai na karanta mata don in ji daɗin muryata. Na rubuta cewa muryar matan nan gaba ɗaya muryar fushi ce, fushi da danniyar namiji da ta farar fata. Ta saurara har ƙarshe, sannan ta ce, "Malam, kai fushinsu kake nema, shi ya sa shi kaɗai kake gani. Koma ka duba. Matan nan gajiya suka yi. Duba yadda mace take zama a bakin gado ta cire takalmi ta rasa ƙarfin tashi. Sannan ka duba wa yake miƙo mata ruwa. Wata mace ce 'yar'uwarta."

Na yi dariya na ce ta koma kan tukunyarta. Amma da ta fita na koma na duba, na ga gaskiyarta. Na yaga abin da na rubuta, na gina sabuwar takarda a kan maganarta. Wannan takarda ce ta fara fitar da sunana, ita ta kawo min ƙarin girma na farko. A ƙarshenta na gode wa shugaban sashe, na gode wa ma'aikatan ɗakin karatu. Ummanki ce ta buga min ita a keken rubutu, da yatsunta ta buga maganarta a ƙarƙashin sunana. Da ta gama ta miƙo min ta ce, "Ka gyara min Turancin, ya yi kyau." Ni kuma na yi kamar ban gane ba.

Yagana, duk wanda ya ba ki tunani, ki ambaci sunansa, ko da a bakin murhu ya ba ki. A inda za ki, za a koya miki yadda ake ambaton manyan masana da shekara da lambar shafi. Ba wanda zai koya miki ambaton wadda kuka zauna ɗaki ɗaya ta faɗi magana ɗaya da ta buɗe miki ido. Wannan ke za ki tilasta wa kanki. Satar da ba kotun da za ta kama ki a kanta ita ta fi daɗewa a wuya.

Kina goye ta fara rubutu. Ban sani ba sai ranar da ta kawo min wasu shafuka, tana ta gyara lafayarta don kunya. Labari ne da Hausa, a kan kakarta, wadda mijinta ya sayar da saniyar gadonta ba da saninta ba, ita kuma ta tashi da asuba ta kora sauran shanunta ta bi bakin tafki har garin 'yan'uwanta, da ciki wata bakwai. Na karanta a tsaye. Da na kai inda matar ta tsaya ta tatsi nono ta sha ita kaɗai a tsakiyar daji tana dariya, sai na ji tsigar jikina ta tashi. Labarin ya yi kyau, 'yata. Na san ya yi kyau tun a shafi na biyu.

Abin da Ummanki ba ta sani ba, ni ma na taɓa gwada rubuta littafi. Na yi shekaru ina fama da shi, kuma duk mutanen da ke cikinsa magana suke yi kamar masu ba da lacca. Na san matacce ne. Sai ga matar da nake ganin ni nake wayar mata da kai ta zauna tsakanin wanki da girki ta yi abin da ya gagare ni.

Na ɗauki jan biro. Na bi shafukan layi-layi. Na ce tsarin ya yi rauni, na ce ba ta san dabarun zamani ba, na ce da Hausa ai littattafan bakin kasuwa ake yi, ba adabi ba. Sannan na ciro mata littafin ɗaya daga cikin manyan matan nan na ajiye a gabanta na ce, "Kin ga yadda ake yi. Idan kin kai nan, sai mu yi magana." Ta dubi shafukanta da suka koma ja, ta tattara su ta ce, "To, Malam. Na gode." Daga ranar ba ta sake nuna min ko layi ɗaya ba.

Ki lura da abin da na yi. Na ɗauki macen da ta sha wuya kafin a yarda a buga mata littafi, na mayar da ita sanda na doki wata macen da ke ƙoƙarin farawa. Da marubuciyar nan ta gan ni, da ta karɓe littafinta daga hannuna. Ki so matan nan da za ki karanta, sun cancanta. Amma kada son na nesa ya sa ki raina ta kusa. Kuma duk ranar da kika karanta aikin wata kika ji zuciyarki ta yi zafi, ki ajiye biro tukuna ki tambayi kanki ko aikin ne ba shi da kyau, ko kuwa kyansa ne ya dame ki.

Yanzu zan zo kan abin da ya sa na zauna rubutun nan, kuma hannuna ba ya son zuwa.

Kin tuna shekarun da garin nan ya rikice. Kina ƙaramar sakandare. An hana babura, shingen sojoji a kowace kwana, la'asar na yi kowa ya kama hanyar gida. Ko sunan masu kai hare-haren ba ma faɗa, sai dai mu ce "yaran". Kin tuna yadda gidanmu ya cika da dangin Ummanki da suka gudo daga ƙauyuka, har kika koma kwana a falo. A cikinsu akwai Inna Hawwa, ƙanwar mahaifinta, tsohuwar nan mai tsaga a kumatu da take ba ki labari da Larabcin Shuwa kina dariya don rabi kawai kike ganewa. A gabanta aka kashe 'ya'yanta maza biyu, ta taho da ƙafa da jikokinta.

Matan nan idan sun gama aiki sai su zauna a gindin dogon yaro su yi ta magana, Ummanki tana saurare. Daga baya ta fara rubutawa. Ba ta ɓoye musu ba. Takan karanta wa kowace nata, mai labari ta ce, "A'a, ba haka na ce ba," ko "Cire wannan, surukata za ta gane," ita kuma ta gyara. Wata ƙawarta da ke aiki a gidan rediyo ta ji, ta ba ta ɗan lokaci a shirin mata. Ta sauya sunayen mutane da na garuruwa, ita kanta ta kira kanta 'Yar Makiyaya. Haka ta riƙa karanta labari ɗaya duk mako.

Ban hana ta da farko ba, don na ɗauka ba mai saurare. Sai wata rana a ɗakin malamai, Dakta Saratu, abokiyar aikina 'yar kudancin Borno, ta ajiye kofinta ta ce a gaban kowa, "Malam Bukar, 'Yar Makiyayan nan matarka ce, ko? Na gane muryar. Mun tsufa muna koyar da na ƙetare, ashe tamu tana unguwar Mairi tana dafa maka abinci. Wallahi badi zan sa labaranta a kwas ɗina." Aka yi ta taya ni murna. Na yi murmushi na ce ai ni nake ƙarfafa mata gwiwa.

Na dawo gida ina ta juya maganar. Za a karanta Kaltum, Ummanki, a jami'ar da nake koyarwa, ni kuwa ba wanda ya taɓa karanta ni sai mai neman cin jarrabawa.

Ba zan ce babu tsoro ba. Akwai shi, na gaske. A lokacin ana bin malaman makaranta har gida. Wani da muka yi karatu tare an harbe shi a ƙofar gidansa yana alwala. Da wannan na fara zuwa mata. Na ce ta dakata har gari ya lafa. Ta ce, "Malam, ba sunana a ciki, ba sunan kowa. Matan nan sun bar gidajensu, sun bar gawawwakinsu ba sutura. Wannan kaɗai suke jira duk mako. Kai da kake gaya wa ɗalibanka kada mace ta yi shiru, ni ce ba mace ba?"

Sai na yi abin da nake zagin maza a kansa a cikin aji. Na ɗauki ƙafa na tafi Kasuwar Shanu wurin yayanta, in sa ya tsawata mata. Na same shi a rumfarsa yana duba haƙoran wani bijimi. Ya saurare ni, ya goge hannunsa a riga, ya ce, "Malam, mu nan idan lokacin shirin ya yi, ciniki muke tsayarwa mu ji ta. Ƙanwata ba saniya ba ce da zan ɗaure maka ita. In kana da magana, ka yi da ita." Na fito ina jin kamar duk kasuwar ni take kallo.

Bayan kwana biyu na dawo daga aiki na shiga ɗaki na rufe ƙofa, na ce mata an turo min saƙo a waya. Na ce an ambaci 'Yar Makiyaya, an ce an san gidanta. Na ga alamar za ta iya cewa ta dogara ga Allah. Sai na ƙara. Na ce an ambaci sunanki, Yagana, da sunan makarantarku, da launin hijabin da kuke sawa.

Ta ce, "Nuna min."

Na ce, "Na goge. Hannuna rawa yake yi, na goge."

Ba wanda ya turo min komai. Ba saƙo, ba kira. Ni na ƙirƙira shi a cikin keke napep a hanyar dawowa, kuma da sunanki na ɗaure shi don na san nan ne ba za ta iya tsallakewa ba.

Ta zame ta zauna a ƙasa. Washegari ta aika wa ƙawarta cewa ta daina. Da hantsi ta fito da duk abin da ta rubuta, a cikin buhun shinkafa take tara su, ta zauna a bakin murhu. A rubutun hannu akwai sunayen gaskiya da na garuruwa, tana tsoron kada a shigo a same su a bi matan. Ta riƙa sa su a wuta kaɗan-kaɗan don kada hayaƙi ya ja hankalin maƙwabta. Inna Hawwa ta matso da sandarta ta ce, "Kaltum, har da nawa?" Don nata ne za a karanta a makon da ke tafe, ta ma gaya wa duk matan unguwa su kunna rediyo. Ummanki ta ce, "Har da naki, Inna. Ki yi haƙuri." Tsohuwar ta ce, "To, Allah Ya ji, ai Shi ba a ƙona masa."

Ina tsaye a bakin taga ina kallo. Kalma ɗaya za ta kashe wutar nan. Na tsaya har ta cinye. A cikin buhun na hango tsofaffin shafukan nan masu jan biro, ashe duk shekarun nan ta ajiye su.

Inna Hawwa ta rasu a gidanmu da damina ta zagayo. Labarin yadda ta fito da jikokinta, da sunayen 'ya'yanta, da abin da ƙaraminsu ya ce mata kafin a harbe shi, duk ta faɗa wa mutum ɗaya ne, sau ɗaya, kuma ni na sa aka ƙona. Jikokin nan sun girma yanzu. Idan suka tambaya, ba abin da za a miƙa musu.

Sauran kin san shi, sai dai ba ki san tushensa ba. Kin tuna an cire ki daga makarantarku a tsakiyar zango, kika yi kwana da kwanaki kina kukan rabuwa da ƙawayenki. Kin tuna Ummanki ta ajiye aikinta ta koma raka ki kullum, ta zauna a gindin bishiya a ƙofar makaranta har a tashi, yara suna yi miki dariya. Kin tuna ta hana ki zuwa bikin kowa. A shekarun nan hawan jini ya kama ta. Kina zuwa ɗakin karatuna ki zauna ki ce, "Baba, Umma ta cika tsoro. Umma ba ta waye ba, ba kamar kai ba." Ni kuma in shafa kanki in ce ki yi mata uzuri, in ciro littafin wata jaruma in ba ki. Haka na zama mai buɗe miki duniya, ita ta zama mai rufe ƙofa. Na bar ki kina yi wa mahaifiyarki kallon tausayi, alhali ita ce marubuciya ɗaya tilo da ta taɓa kwana a gidan nan.

Ki saurare ni a nan. Tsoro ba abin kunya ba ne, duk wanda ya zauna a garin nan a shekarun nan ya san shi. Amma tsoro yana da faɗi, abubuwa da yawa suna iya ɓuya a bayansa. Nawa hassada ce ta ɓuya. Duk ranar da kika ji kanki kina cewa wani "don lafiyarka nake yi", ki tsaya ki duba ko don taki natsuwar ce. Kuma duk namijin da zai zo miki da daɗin baki a kan 'yancin mata, kada ki auna shi da abin da yake faɗa a taro. Ki duba fuskarsa ranar da aka yabe ki a gabansa.

Akwai ƙari, kuma shi ya fi muni a wurina. Bayan shekara biyu aka gayyace ni wani taro a ƙasar waje. Kin san a kan me na yi magana? A kan yadda rikici ya rufe bakin matan arewa maso gabas. Har na kawo misalin wata mai karanta labarai a rediyo da barazana ta sa ta yi shiru. Ban ce matata ba ce. Wata baƙar fata mai furfura, marubuciya, ta zo bayan an tashi ta riƙe hannuna da hannu biyu, idonta da hawaye, ta ce in na koma in gaya wa matar nan cewa 'yan'uwanta na nesa suna tare da ita. Na ce zan gaya mata. Na karɓi tafi, na karɓi takardar yabo, na sayo wa Ummanki turare a filin jirgi.

Idan kin isa Amurka, za su so ki ba su labarin matanmu a matsayin bayin Allah marasa murya, kuma za su saka miki da kyau idan kin yi. Kafin ki ce mace ta yi shiru, ki bincika wa ya sa ta. Wani lokaci ba mai bindiga ba ne. Wani lokaci yana zaune a kan kujerar gaba yana gyaɗa kai.

Bayan baƙi sun watse ranar Asabar, kin fita raka ƙawayenki, na sami Ummanki tana wanke kofuna, na gaya mata gaskiyar saƙon nan. Na so a ce ta ce min ta daɗe da sani, da ya fi min sauƙi. Ba ta sani ba, Yagana. Ko sau ɗaya ba ta taɓa zargina ba. Ta tsaya da kofi a hannu, ruwa yana zuba, ta ce, "Sake faɗa." Na sake. Ta ce, "Babu saƙo?" Na ce babu. Ta ce, "Duk zaman da na yi a ƙofar makaranta ina kallon fuskar kowane mai wucewa?" Ta ajiye kofin. Ta ce, "Har yau in yarinyar nan ta yi jinkiri a waje sai in fita bakin ƙofa in tsaya. Na ƙona maganar Inna da hannuna, tana kallona." Sannan ta kashe famfo ta ce, "Malam, da ka bar ni da tsorona. Da shi na saba."

Ba ta ɗaga murya ba. Ta shirya kaya kaɗan. A bakin ƙofa ta ce ba za ta ɓata miki tafiya da bakinta ba, amma in gaya miki da kaina kafin ki tashi, in ba haka ba ita da gidan nan sai dai labari.

Don haka kada ki ɗauka jarumta ce ta sa na rubuta. Ko wannan ma sai da aka tilasta ni.

Idan kin je wurinta, ga abin da nake roƙo. Kada ki roƙar min gafara. Wannan tsakanina da ita ne da Allah, kuma tana da ikon hanawa. Kada ki je mata da kuka har ta koma ita ce mai rarrashi, ta yi wannan aikin ya isa. Kada kuma ki je da biro da takarda, mahaifiyarki ba babin digirinki ba ce. Ki zauna kusa da ita. Idan ta so ba ki labarin kakarta da shanunta, ko abin da ta iya tunawa na Inna Hawwa, ki saurara, ki tambaye ta me take so a yi da shi. Idan ba ta so, ki bar ta. Abu ɗaya kawai za ki gaya mata daga gare ni, don na riƙe shi shekaru ba nawa ba ne: wata marubuciya mai furfura ta ce 'yan'uwanta na nesa suna tare da ita.

Game da ni, ki yi yadda zuciyarki ta ba ki. Idan kin kasa kirana na wani lokaci, zan gane. Littattafan da na ba ki ba su yi ƙarya ba don wanda ya miƙa miki su ya yi. Ki tafi da su.

Jiya na je gidan kawunki. Ya bar ni a zaure, bai ce in shiga ba, bai kuma kore ni ba. Ta daɗe kafin ta fito. Ta tsaya daga bakin ƙofa, muka gaisa kamar baƙi. Na tambaye ta ko za ta dawo, ta ce ba ta sani ba. Sai bakina ya kuɓuce na ce ko za ta sake rubutu. Ta dube ni ta ce, "Wannan ba tambayarka ba ce." Na ce haka ne. Har na juya zan tafi, ta ce, "Na manta tabarauna a kan taga. A kawo min."

Ban san abin da za ta duba da shi ba. Wataƙila Alƙur'ani ne, wataƙila lambar waya. Ban tambaya ba. Na goge shi na sa a gidansa, yana nan kusa da wannan takarda. Ke za ki kai mata.

Allah Ya kiyaye ki a tafe da zaune, Ya tsare mutuncinki da imaninki a baƙuwar ƙasa. Ya ba ki ilimi mai amfani da zuciyar da za ta iya ɗaukarsa. Ya jiƙan Inna Hawwa da 'ya'yanta da duk waɗanda muka rasa. Ya ba mahaifiyarki lafiya da tsawon rai. Ya zaunar da garinmu lafiya, Ya dawo mana da ke ki same shi cikin aminci. Ni kuma Ya yafe min abin da na sani da wanda na ƙi sani.

Ki sauka lafiya, 'yata.

Mahaifinki,
Bukar